Wata huɗu na Souley Abdoulaye: me gwamnatin riƙon ƙwarya take riƙewa?

Ranar 5 ga Oktoba 1994 aka bayyana sunayen ministocin Souley Abdoulaye, sabon faraministan Nijar. Ranar 16 ga wata majalisar dokoki ta kayar da su da ƙuri'ar rashin amincewa. Kwana 11 ke nan, wasu ministocin ko daraktocin ma'aikatarsu ba su gama sani ba. Washegari shugaban ƙasa Mahamane Ousmane ya sake naɗa Souley faraminista, ya rushe majalisar, ya kira sabon zaɓe. Daga ranar har farkon Fabrairu 1995 Nijar tana hannun gwamnatin da wakilan jama'a suka riga suka ƙi, kuma babu wata majalisa da za ta tambaye ta lissafi.

A Damagaram an fi tuna wannan lokaci ta fuskar jam'iyya, saboda Nafarko, wato shugaba Ousmane, ɗan gida ne kuma nan ne cibiyar CDS-Rahama. Wannan ya sa ba a cika duba yadda abin ya yi aiki ba. Mutane da yawa suna ɗaukar gwamnatin riƙon ƙwarya kamar mai gadi ne da aka bar wa gida kafin mai gida ya dawo daga tafiya, ba ya saye, ba ya sayarwa. Ba haka ba ne. Baitulmali na hannunta, alƙalamin naɗi na hannunta, hanyar da akwatin zaɓe zai bi ma na hannunta. Abin da aka ƙwace mata shi ne ikon yin sabon abu mai ɗorewa. Wato tana iya ɓata abu da yawa, amma kaɗan take iya gyarawa, kuma daga nan duk matsalarta take tasowa.

Lissafin da ya haifi gwamnatin Souley ba mai wuya ba ne. A zaɓen Fabrairu 1993 majalisa na da kujeru 83. Ƙawancen 'yan canji, wato AFC, ya samu 50: CDS 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11, sauran na ƙananan jam'iyyu. MNSD-Nassara ita kaɗai tana da 29, da ƙawayenta 33. Aka yi rabo: Ousmane shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou faraminista, Moumouni Adamou Djermakoye shugaban majalisa. A watan Satumba 1994 shugaban ƙasa ya sa hannu kan wata doka da ta rage ikon faraminista. Issoufou ya ajiye aiki ranar 28 ga wata, PNDS ta fice ta koma wajen MNSD. Cire 13 daga 50, saura 37. Ƙara 13 a kan 33, ka samu 46. Ana buƙatar ƙuri'a 42 ne kawai a kayar da gwamnati. Don haka a ranar da aka naɗa Souley, wanda shi ne ministan ciniki a gwamnatin da ta watse, duk mai iya ƙidaya da yatsu ya san ba za ta kai labari ba.

Nijar ta ga riƙon ƙwarya iri-iri, kuma bai kamata a zuba su a ƙwarya ɗaya ba. Akwai wanda aka yi da yardar kowa, kamar na Amadou Cheiffou bayan babban taron ƙasa na 1991, da majalisar ƙoli ta André Salifou tana sa masa ido. Akwai na soja, a 1996 da 1999 da 2010. Na Souley daban ne: a takarda cikakkiyar gwamnati ce ta jamhuriya, a zahiri kuwa riƙo ne da rigima ta haifa, kuma masu riƙon su ne ɓangare ɗaya na rigimar.

Abu na farko da mutane ba sa gani shi ne tsawon lokacin da minista ke ɗauka kafin sa hannunsa ya zama kuɗi. Karanta sunansa a Voix du Sahel, gidan rediyon ƙasa, ba ya buɗe masa komai. Sai an yi miƙa aiki tsakaninsa da wanda ya gada, an rubuta takarda an sa hannu: motoci nawa ne, hatimi, ragowar kuɗin da ke kan kowane layi na kasafi, basussukan 'yan kwangila, takardun da ke jiran amsa. Sannan ya naɗa daraktan fadarsa da masu ba shi shawara. Sannan a kai samfurin sa hannunsa wurin mai binciken kuɗi da baitulmali, don ma'aji ba ya biya a kan sa hannun da bai sani ba. Ko komai ya tafi daidai, wannan kan cinye mako biyu zuwa uku. Idan gwamnatin ta faɗi a tsakiya aka sake naɗi, duk ma'aikatar da aka canja mata minista sai ta koma farko.

Shi ya sa a irin wannan lokaci wanda ke riƙe da ma'aikata da gaske shi ne sakatare janar. Shi ma'aikaci ne, ba ɗan siyasa ba, ya san inda kowace takarda take. Amma shi ma ikonsa yana da iyaka: yana iya tura abin da aka saba turawa, ba ya iya yanke shawarar da ke buƙatar kan minista. Kuma yana da wayonsa. Ya san mai zuwa bayan wata uku zai duba abin da aka sa wa hannu, don haka duk takardar da ke da ƙamshin rigima sai ya tura ta ƙasan tari. Ba mugunta ba ce, kariyar kai ce, amma a can ƙarshen hanya akwai wanda ke jira.

Mu bi kuɗin har Damagaram. A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, kashe kuɗin gwamnati yana da matakai huɗu. Na farko ma'aikata ta ɗauki alkawarin kashewa, mai binciken kuɗi ya buga hatimi cewa akwai kuɗin a kasafi. Na biyu a tabbatar an yi aikin ko an kawo kayan, a ƙayyade adadin. Na uku a ba da umarnin biya, wanda a wancan zamanin ministan kuɗi ne ke riƙe da shi a madadin dukkan ma'aikatu. Na huɗu ma'aji ya biya, idan akwai kuɗi a akwati. Ga jihohi akwai ƙarin mataki: sai Yamai ta turo wa prefe takardar izinin kashe wani adadi kafin ya iya komai. Tsakanin Yamai da Zinder kusan kilomita 900 ne, kuma a 1994 takarda a mota take zuwa. Daga ofishin prefe kuma sai ta sauka zuwa su-prefe na Mirriya, Magarya, Matamai, Gure da Tanut.

Duk inda sa hannu ɗaya ya ɓace a wannan sarƙa, komai ya tsaya. Malamin lakwal da ke wani ƙauye a ƙasar Gure ba shi da asusu a banki, albashinsa a hannun mai biya yake zuwa, da jaka da takardar sunaye. In mai biya bai zo ba, malamin ya koma wurin mai tebur ya ƙara cin bashin shinkafa da sabulu da kananzir, mai tebur ya ƙara shafi a littafinsa, shi ma ya je ya roƙi babban ɗan kasuwar da ke ba shi kaya a kasuwar Dole ya ƙara masa haƙuri. Bashin albashi bai fara da Souley ba, ya gaje shi ne, tare da karyewar darajar sefa da rabi a Janairu 1994 da dogon yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta USTN a wannan shekarar. Abin lura shi ne gwamnatin wata huɗu ba ta da abin da za ta ba 'yan ƙwadago a teburin sulhu. Alkawarin da za ta ɗauka wani ne zai cika, kuma kowa a teburin ya san haka.

Lokacin da abin ya faɗo ma ya ƙara masa nauyi. Oktoba zuwa Janairu shi ne kaka. A nan ne tiyar hatsi take araha, a nan ne ya kamata OPVN, hukumar ajiyar hatsi ta gwamnati, ta saya ta cika rumbunan ajiya don bazara da damina. Wannan taga ce mai rufewa da kanta. In kuɗin saye bai fito ba kafin sanyi ya wuce, 'yan kasuwa sun riga sun kwashe sun ajiye, ko sun tsallaka da shi kudu, gwamnatin da ta biyo baya kuma sai ta saya da tsada. Oktoba kuma shi ne komawa makaranta, lokacin tura malamai da alli da littattafai. Duk gwamnatin da ta ɓata waɗannan watanni a kan rikicin kujera, asarar ba ta bayyana sai bayan wata shida, lokacin da ba wanda zai tuna ya danganta ta da ita.

Sai batun doka. Idan babu majalisa, abubuwa uku ne ke maƙalewa. Gwamnati ba ta iya yin doka a madadin majalisa sai majalisar ta ba ta izini tun farko, kuma wadda aka rushe cikin fushi ba za ta bar irin wannan izini ba. Yarjejeniyar bashi da ƙasashen waje tana buƙatar dokar amincewa kafin kuɗin ya sauka. Kasafin sabuwar shekara kuma majalisa ce ke zartar da shi. Maganin da tsarin ya tanada idan shekara ta shigo babu kasafi shi ne a ɗauki na bara a raba shi gida 12, a riƙa sakin kashi ɗaya kowane wata. Wannan yana biyan albashi da wuta da man mota. Ba ya fara sabuwar rijiya, ba ya ɗaukar sabon malami. A shekarar da ta biyo bayan karya darajar kuɗi kuwa, kashi ɗaya cikin 12 na tsohon lissafi ba ya sayen abin da yake saye a da, musamman magani da kayan gyaran mota da ake shigowa da su. Masu ba da lamuni su ma jira suke su ga wanda zai zauna. Yarjejeniya mai tsawo da Asusun IMF sai a tsakiyar 1996 aka same ta.

Amma kar a ce ba abin da aka yi. Ranar 9 ga Oktoba 1994, kwana huɗu bayan naɗa ministocin kuma mako guda kafin a kayar da su, aka sa hannu a Wagadugu kan yarjejeniya tsakanin gwamnatin Nijar da 'yan tawayen arewa na CRA, da shiga tsakanin Burkina Faso da Aljeriya da Faransa. Ba gwamnatin Souley ce ta fara tattaunawar ba, kuma ba ita ta gama ba: yarjejeniyar ƙarshe ta 24 ga Afrilu 1995, wadda ake tunawa da ita a ranar haɗin kan ƙasa, a zamanin faraminista Hama Amadou aka yi ta. Mutanen Damargu da masu bin hanyar Tanut zuwa Agadas sun san darajar wannan tsagaita wuta. Abin da ya sa ta yiwu shi ne aikin yana hannun shugaban ƙasa da jami'an da ba su canja ba, kuma 'yan adawa ba su da ribar rushe shi. Irin aikin da gwamnatin riƙo ke iya kaiwa gaci ke nan: wanda aka riga aka dafa, kowa kuma yana son a sauke.

Inda haɗarin yake shi ne alƙalamin naɗi. A cikin ministocin riƙon ƙwarya ba duka ne ke da nauyi ɗaya ba. Na ilimi ko na kiwon lafiya yana iya wuce wata huɗu bai bar alama ba. Na cikin gida da na kuɗi da na watsa labarai su ne gwamnatin. Ministan cikin gida ne ke kawo sunayen prefe da su-prefe a taron majalisar ministoci, su kuma su ne ke hulɗa da sarakuna da masu gari, su ne ke ba da izinin taron jam'iyya ko su hana, a ofisoshinsu rajistar masu zaɓe da katunansu suke kwana, motocinsu ne ke kai akwati ƙauye. A zamanin AFC an raba waɗannan kujeru tsakanin jam'iyyun ƙawance, abin da jama'a suka sa wa suna wasoso. Da PNDS ta fita sai kujerun mutanenta suka zama abin tambaya. A bar su, alhali jam'iyyarsu ta koma adawa? A cire su ana saura wata biyu zaɓe? Kowace amsa tana da mai kuka. Ministan watsa labarai kuma yana riƙe da rediyo da talabijin na ƙasa a lokacin da mutumin Damagaram, in ba Voix du Sahel ba, sai dai ya murɗa BBC ko Jamus ko Muryar Amurka ko tashoshin Najeriya.

A nan dole a yi wa gwamnatin Souley adalci, kuma wannan ne abin da ya fi komai daraja a tarihinta. An yi zaɓen ranar 12 ga Janairu 1995, kwana 87 bayan rushe majalisa. CDS ta ƙaru daga 22 zuwa 24, MNSD ta tsaya a 29, PNDS ta samu 12, ANDP ta sauka zuwa 9. Da aka haɗa da ƙananan jam'iyyu, 'yan adawa 43, ɓangaren shugaban ƙasa 40. Gwamnatin da ke riƙe da prefe da rediyo da baitulmali ta sha kaye da kujeru uku, kuma sakamakon ya tsaya. Kwatanta da Yuli 1996, lokacin da aka rushe hukumar zaɓe ta CENI ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u aka kafa wata. Duk wanda zai soki zamanin 'yan canji, kuma akwai abin suka, ya sa wannan a ma'auni.

Sai dai kayen bai kawo ƙarshen riƙon ba. Sabon rinjaye ya miƙa suna ɗaya: Hama Amadou. Shugaban ƙasa ya ce a kawo masa sunaye ya zaɓa, suka ƙi. Kundin tsarin mulkin 26 ga Disamba 1992 ya ce shugaban ƙasa ne ke naɗa faraminista, majalisa kuma na iya kayar da shi, amma bai warware abin da za a yi in an yi kunnen doki tsakanin waɗannan ikon biyu ba. A farkon Fabrairu Ousmane ya naɗa Amadou Boubacar Cissé, ma'aikacin Bankin Duniya kuma ɗan MNSD, da fatan zai ɓalle 'yan majalisa biyu ko uku daga cikin 43. Dabarar a lissafi ba ta wauta ba ce, kujera biyu kawai ake nema. Amma MNSD ta kori Cissé daga jam'iyya, ranar 20 ga Fabrairu aka kayar da shi da ƙuri'a 43 da 40, ba wanda ya motsa. Ya yi kimanin mako biyu. Washegari aka naɗa Hama.

In aka ƙirga daga 28 ga Satumba 1994 zuwa 21 ga Fabrairu 1995, faraminista huɗu ne suka ratsa ofis ɗaya cikin ƙasa da wata biyar. Kowane canji yana nufin sabuwar miƙa aiki, sabon samfurin sa hannu, sabbin takardu a ƙasan tari. Kaka ta wuce, rabin shekarar makaranta ta wuce.

Ra'ayinmu shi ne kuskuren ba rushe majalisa ba ne. Wannan haƙƙin shugaban ƙasa ne, kuma mayar da magana wurin masu zaɓe ya fi a yi ta sayen 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren shi ne rashin rubutacciyar iyaka ga gwamnatin da za ta riƙe ƙasa a tsakani. Kalmar da ake amfani da ita, tafiyar da ayyukan yau da kullum, roba ce, kowa na ja ta inda yake so. Biyan albashi aikin yau da kullum ne, ba gardama. Cire su-prefe fa? Ba da kwangilar hanya? Naɗa shugaban kamfanin gwamnati? Da an zauna tun farko an rubuta cewa daga ranar rushewa har ranar rantsar da sabuwar majalisa ba naɗi sai na cike gurbin mutuwa ko murabus, ba sabuwar kwangila sama da wani adadi, ma'aikatar cikin gida kuma a ba wanda ba ya takara, da an rage rabin zargin. Da an kuma ba sakatarorin ma'aikatu izinin sa hannu a rubuce kan albashi, sayen hatsi da magani, da malamin Gure bai san an canja minista ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Zaman Ousmane da Hama ya zama na 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Aka yi ta jayayya kan wanda ke tsara ajandar taron ministoci da wanda ke da ikon naɗi, har magana ta kai Kotun Ƙoli. Rigimar dai ita ce ta alƙalamin nan. Ranar 27 ga Janairu 1996 hafsan soja Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da jamhuriya ta uku, wato mulkin Ousmane, ya ɗauko Boukary Adji, ɗan Tanut kuma mataimakin gwamnan babban bankin BCEAO, ya ba shi wani riƙon. Shi ma bai cika shekara ba, a watan Disamba Cissé ɗin nan da aka kayar ya gaje shi.

Masu rubuta dokokin baya sun ɗinke wasu ɓarakar. A riƙon 2010 an hana sojojin da ke mulki da ministocin gwamnatin Mahamadou Danda tsayawa takara, wanda ya raba mai riƙo da mai nema. Kundin 1999 kuma ya rubuta ƙarara cewa shugaban ƙasa zai zaɓi faraminista cikin sunaye uku da masu rinjaye suka miƙa, wato ainihin abin da aka yi ta ja a kansa a Fabrairu 1995. An gwada wannan ƙa'ida a 2007: majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadou ranar 31 ga Mayu, aka kai wa shugaban ƙasa Tandja Mamadou sunaye uku, ranar 3 ga Yuni ya naɗa Seini Oumarou. Tsakanin faɗuwar gwamnati da naɗin sabon faraminista kwana uku ne.